Ƙanena ya daina barci tun zanga-zangar Agusta. Waya ce ko ciwo ne?

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan ƙanena, autanmu. Don Allah duk wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙasa, domin maganar ta wuce "a ƙwace wayarsa" da kowa yake faɗa mini a gida.

Shekararsa 22, yana aji uku a wata jami'a a nan Kano. Mahaifinmu ya rasu tun yana sakandare, ni da maigidana muke ɗaukar nauyin karatunsa, ni da ɗan albashin koyarwa a firamare da 'yan atamfofin da nake sarowa. Yaro ne mai surutu da barkwanci, in yana gida ba ka jin muryar kowa sai tasa. Kwana a waya ya samo asali ne tun yajin aikin malaman jami'a (ASUU) na 2022, wata takwas suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. A lokacin ƙwallo yake kallo da masu wasan ban dariya. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka ƙara kuɗin rajista, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, ya koma yin rabin hanyar makaranta a ƙafa. Wasu abokansa sun ajiye karatun gaba ɗaya. Daga nan hirarsa ta koma ta farashin kwanon shinkafa da canjin dala.

Ranar Alhamis 1 ga Agustan 2024 ya fita zanga-zangar tsadar rayuwa. Hajiyarmu ta hana, ya lallaɓa ya fice bayan asuba da wani kwali da ya rubuta "Yunwa muke ji" a kai. Kowa ya san yadda ranar ta ƙare a Kano: 'yan daba suka shigo, aka fasa shaguna da rumbuna, aka yi barkonon tsohuwa, aka yi harbi, gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24. Akwai wani yaron layinmu mai gyaran waya, wanda autan ne ya yi ta zuga shi ya fito. Harsashi ya same shi a cinya suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Autan ne ya ɗaure masa ƙafar da rigarsa. Yaron ya rayu, amma da sanda yake tafiya yanzu, kuma har yau autan bai taka gidansu ba. In zai fita ma ta bayan layi yake zagayawa.

Da farko mun ce firgita ce, za ta wuce. Ya ɗan fara dawowa daidai, sai ga bidiyon nan na 1 ga Nuwamba, na yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suna zubewa ƙasa don galabaita. An sake su bayan 'yan kwanaki, amma shi bai saki bidiyon ba. Kwanakin baya na kwana a gidan Hajiya, na tashi wajen ƙarfe uku na dare zan zaga, na ga haske ta ƙarƙashin ƙofarsa. Na tura. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, wayar na jone da fawabank, kwanon tuwon da aka ba shi tun magariba yana gefe ko buɗe shi bai yi ba. Bidiyon yaran ne. In ya kai ƙarshe sai ya sa babban yatsa ya jawo shi baya. Ba kuka yake ba, ba magana, leɓensa kawai yake cizawa. Na kira sunansa bai ji ba, sai da na taɓa kafaɗarsa, ya zabura har ya ture kwanon.

Ya daina zuwa ƙwallon yamma. Ya daina zama a majalisarsu ta ƙofar gida. Ya daina bin limamin unguwa salla saboda liman ya yi huɗubar hana fita zanga-zanga, ya ce "malaman gwamnati ne", yanzu ma a ɗaki yake sallarsa. Sakamakon zangon da ya wuce ya fito da kari-oba, abin da bai taɓa samu ba. Ya rame, wuyan rigarsa har yawo yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bakinsa ne. Da can maganarsa a rage kuɗin mai ce, a rage kuɗin makaranta. Yanzu sai ka ji yana cewa ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai jini ya kwarara, gara soja su karɓa, duk wanda bai fita ba munafuki ne. Ya faɗa wa maigidana wannan kalmar ido da ido, mutumin da yake biya masa rajista. Hoton Kyaftin Traoré na Burkina Faso ne a fuskar wayarsa. Yana cikin wani guruf a Telegram da yake kira "'yan'uwa", na tambaye shi wa ya taɓa gani a cikinsu da idonsa, ya ce mutum biyu. Sauran lambobin wasu ma ba na ƙasar nan ba ne.

Ni ban ce ƙarya yake a kan halin da ake ciki ba, ni ma kasuwa nake zuwa. Tambayata ita ce, ina kishin talaka ya tsaya, ina ciwo ya fara? Mu ƙwace wayar? Asibiti za mu je ko wajen malam? Kawunmu bai sani ba tukuna, domin in ya ji da faɗa zai zo, ina tsoron yaron ya bar gidan.

Tsohon Malamin Sakandare ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya kika lura, da yawa sai abu ya lalace suke ihu bayan hari.

Bari in fara cire miki tsoro guda. Zafin kai a wajen ɗalibi ba sabon abu ba ne, kuma ba intanet ce ta kawo shi ba. Ina sakandare a 1978 aka yi "Ali Must Go". Kwabo 50 aka ƙara a kuɗin abincin ɗalibai na yini, Kanar Ahmadu Ali yana riƙe da ma'aikatar ilimi a gwamnatin Obasanjo, Segun Okeowo yana shugabancin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati ta soke ƙungiyar. A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya, a 1989 aka yi boren SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin soja. Kafin mu ma, a nan Kano ɗinku, samari takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala. Mu ma mun ce gara a rushe komai a sake sabo. Mun cika ɗakin lakca muna sauraron irin su Dakta Bala Usman, muna fitowa ƙirjinmu na tafasa.

To amma ga inda na ga bambanci. Mu zafinmu yana da fuska. In za a yi bore sai an kira taron ɗalibai, mutum ya hau tebur ya yi magana, wani ya miƙe ya ce ƙarya ne, a yi ta musu har dare, a ɗaga hannu. Wanda ya ce a fita, gobe za ka gan shi a gaban sahu ko ka san matsoraci ne. Akwai wanda in ya ce a tsaya haka nan, za a tsaya. Malaman da suka zuga mu su ne kuma za su kira ka ofis su ce ina aikin da na ba ka, ka karanta kaza? Ba a yarda ka yi ihu ba karatu. Sannan dare yana yi. Labari sau ɗaya ko biyu yake zuwa a rana, ta rediyo ko New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, in an kashe fitila shi ke nan sai gobe. Na ga abokina da jini a fuska, abin ya daɗe a raina, amma sau ɗaya na gani.

Ƙanenki shi zanga-zangarsa ba ta tashi ba. Titi ya watse tun Agusta, amma tana nan a aljihunsa, ba shugaba, ba wanda zai ce a koma gida, ba wanda zai yi masa musu domin duk mai musu an cire shi daga guruf. Wannan ne ya dame ni, ba hoton Traoré ba. Amma tunda ya sa hoton, ni na rayu a ƙarƙashin soja tun daga Gowon har Abdulsalami, ban da 'yan shekarun Shagari. Su ne suka soke ƙungiyar ɗalibai, su ne suka kori malaman jami'a saboda koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, a faɗarsu. Ɗalibi mai tsawon baki shi ne farkon wanda suke rufewa.

Shawarata, kada a haɗa shi da Kawu yanzu. A nemo masa babba guda wanda ya taɓa yin gwagwarmaya, wanda zai zauna da shi su yi musu na gaske, ya ba shi gaskiyarsa inda yake da ita, ya ƙaryata shi inda ya kauce. Yaro irin wannan ba ya jin wanda ya fara da cewa "ka yi haƙuri, haka Allah Ya so". Maganar rashin barci da rama kuwa ba fannina ba ne, masu asibiti su yi magana.

Mai Shago a Kwari ya rubuta:

Hajiya, ni dai a ganina zaman banza ne ya yi masa yawa. A karɓe wayar nan, in an yi hutu a turo shi kasuwa ya riƙa ɗaga dila daga safe zuwa yamma, wallahi ko isha'i ba zai kai ba barci zai kwashe shi. Kuma a haɗa da addu'a, a samu malami na kirki ya yi masa ruƙiyya, don wanda ya ga jini a gabansa ba a rasa abin da ya shige shi. Shagon maƙwabcina an kwashe shi tas a ranar, har yau bai farfaɗo ba, bashi yake biya. Su yaran nan ba sa ganin wannan ɓangaren. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ina aikin jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba zan ce ga ciwon da ke damunsa daga nesa ba, wannan sai likita ya gan shi, amma abin da kika lissafa ya isa a kai shi.

Kin tambayi ina iyaka take. Mu ba ra'ayin mutum muke dubawa ba, ko ya so soja ko ya so farar hula ba ruwan asibiti. Muna duba barci, ci, da ko mutum yana iya yin abin da ya saba. Ciwon damuwa ana fara zarginsa in ƙuncin rai da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu a jere. Ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali kuma in alamunsa sun wuce wata guda: abin yana dawo wa mutum a ido ko a mafarki, yana gudun duk abin da zai tuna masa, yana zabura da ƙaramin motsi, yana saurin fushi, yana ɗora wa kansa laifi. Ki duba abin da kika rubuta da kanki. Zagaye layi don kada ya wuce gidan abokinsa, ture kwano don an taɓa shi. Ni wannan zagayen ya fi tsaya mini a rai fiye da duk maganganun jinin da yake yi.

Game da wayar, an yi bincike a kai. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston ta Amurka a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa shafe awa shida ko fiye a rana suna bin labaran harin sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda suke wajen da abin ya faru. A Hong Kong, inda ɗalibai suka yi watanni suna zanga-zanga a 2019, jami'ar garin ta fitar da bincike a farkon 2020 da ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana da alamun ciwon damuwa, ninkin-ba-ninkin yadda yake a shekarun baya, kuma abin ya fi yawa ga masu shafe awa biyu ko fiye kullum suna bin labaran rikicin a shafukan sada zumunta. Jiki ba ya bambance cewa wannan maimaici ne. Duk jawo bidiyon da ya yi, zuciya sai ta sake bugawa, barci ya sake gudu. Su kuma TikTok da Facebook suna lura da abin da ka tsaya a kai, sai su ƙaro maka irinsa, wanda ya fi na baya zafi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Yawancin masu ciwon damuwa ba sa cutar da kowa, kuma yawancin masu tsattsauran ra'ayi lafiyarsu ƙalau. Amma yaron da bai yi barci ba, ya rabu da abokan ido da ido, yana jin shi ya jawo wa wani nakasa, duk wanda ya zo ya ce masa "ba laifinka ba ne, ga masu laifin can, zo mu rama", ya sauke masa kaya mai nauyi. Shi ya sa yake kiransu 'yan'uwa.

Ƙwace waya da ƙarfi ban goyi baya ba. Zai ari wata, kuma kin tabbatar masa da abin da ake gaya masa a can, cewa 'yan gida ba su fahimce shi ba. Ku yi yarjejeniya a kan dare kawai: daga sha ɗaya zuwa asuba wayar tana caji a ɗakin Hajiya, ya riƙe ƙarama mai madanni in kira yake tsoron rasawa. Ya kashe tsarin da ke sa bidiyo ya sauka da kansa a WhatsApp da Telegram. Kada ki ce masa don siyasa ne, ki ce don barci ne, domin gaskiyar ke nan.

Abu biyu nake roƙonki. Kada kowa ya je kemis ya sayo masa D5 ko wani maganin barci ko na tari, ta nan da yawa suka faɗa shaye-shaye. Kuma ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi ƙarara, ba kwana-kwana: yana tunanin gara ya mutu? Ya taɓa tunanin cutar da kansa? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ranar za ku tafi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Alhaji mai shago, addu'a da ruƙiyya ba sa faɗa da asibiti, marasa lafiyarmu da yawa suna haɗawa, kuma maganarka ta gajiyar jiki tana da amfani ga barci. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne gidan mari, irin waɗanda aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019, da sarƙa da duka. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a duk Najeriya, amma Kano tana cikin masu sa'a: akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau. Na wasu jihohi akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa a kuma rufa masa asiri. Ki faɗa masa wannan, samari suna tsoron a ce sun haukace.

Ɗan Aji Huɗu ya rubuta:

Anti, ni ma na fita ranar, don haka bari in yi magana a madadinsa tunda ba ya nan.

Abu na farko, ina jin ciwo in na ga ana neman mayar da fushinmu cuta. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, alƙaluman gwamnati ne ba namu ba. Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a kwanakin nan, an kama sama da 1,200, 'yan sanda sun musanta. An sa wa yaran da ba su da takalmin kirki belin naira miliyan goma kowanne. Wanda ya ga wannan bai ji komai ba, shi ya kamata a duba. Sista nas ta yi adalci da ta raba ra'ayi da ciwo, na gode mata. Ina roƙo a riƙe wannan rabon, kada gobe ya buɗe baki a kan tsadar rayuwa a ce "ka sha maganinka kuwa?"

Baba, da girmamawa, ƙungiyar ɗaliban da kuka sani ba ita muka tarar ba. Tamu ziyarar ban girma take kai wa 'yan siyasa tana ba su lambar yabo. Ba mu zaɓi waya don mun fi son ta ba, ita kaɗai ce filin da ya rage mana. A cikinta muka ga matasan Kenya sun shiga majalisa ranar 25 ga Yuni, washegari shugaban ƙasarsu Ruto ya janye dokar haraji. Muna tsakiyar tamu, ranar 5 ga Agusta, Firaminista Sheikh Hasina ta gudu daga Bangaladesh, kuma ɗalibai ne suka faro abin. Ku yi tunanin yadda muka ji muna zaune a gida cikin dokar hana fita muna kallon wannan. Sai ka ga kamar saura ƙiris, mu ne kawai ba mu matsa ba.

Amma Anti, guruf ɗin nan da kika ambata, na san irinsa, kuma a nan ina tare da ke. Na farko da muka buɗe kafin zanga-zanga duk mun san juna, maganar ita ce ina za a haɗu, a zo da ruwa da hankici, kada a taɓa kayan kowa. Bayan an watse sai aka fara turo mahaɗar wasu, ana cewa wannan na "masu gaske" ne. Can ba a san admin ba. Saƙon murya ne na minti goma-goma, da bidiyon gawarwaki da ba ka san na wace ƙasa ba ne ko na wace shekara, da jawaban Traoré waɗanda wasu ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su. In ka ce a tabbatar da labari kafin a yaɗa, a ce kai ɗan leƙen asiri ne, a cire ka. Kullum sai an rage masu sanyi, masu zafi suna gasar wa ya fi wani. Na lura kuma waɗanda suka fi kiran jini ba wanda ya gan su a titi ranar. Tutar Rasha da aka yi ta magana a kai, yawancin yaran da suka ɗaga ta ba su san inda Mosko take ba, a bidiyon Yamai suka gan ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Waɗanda suka ɗaga da telolin da suka ɗinka su aka kama.

Ni ma na yi watanni in salansar babur ta yi ƙara sai in ji gwiwata ta saki. Abin da ya taimake ni, wasu lauyoyi masu aikin sa kai suna tattara sunayen waɗanda aka tsare, na shiga ina bin gidaje ina rubutawa, ina raka iyaye. Ranar da ka yi wani abu da hannunka, da dare kana iya ajiye wayar. Ban sauya ra'ayi ba, gobe in an kira ta lumana zan fita. Ki nemo abokansa na ainihi, waɗanda suka fita tare, su zo su ja shi. Kuma maganar yaron mai sanda, ina kyautata zaton shi yana can yana mamakin me ya sa abokinsa ya guje shi.

Yayar Auta ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baba, akwai wani abokin mahaifinmu tsohon ɗan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, maigidana zai je ya same shi. Alhaji, Allah Ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, maganar kasuwa kuma in an yi hutu za mu duba.

Sista, na yi tambayar jiya bayan isha'i, a soro, bakina na rawa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce bai taɓa tunanin yi wa kansa wani abu ba, amma kullum sai ya ce a ransa da ma shi harsashin ya samu. Ya ce in ya rufe ido rigar nan yake gani. Ashe ba ta wanku ba, tana cikin leda a ƙasan akwatinsa, ya ɗauko ya nuna mini. Wannan ne karo na farko da ya yi kuka a gabana tun rasuwar Baba.

Ɗan Aji Huɗu, na karanta wa autan abin da ka rubuta. Ya ce kai ka san abin da kake faɗa, amma bai yarda duk 'yan guruf ɗin haka suke ba, kuma ba zai fita ba. Ban matsa ba. Ya yarda da ajiye wayar a ɗakin Hajiya, daren jiya ya ajiye, wajen ƙarfe biyu ya je ya ɗauko. Gidan abokin nasa ya ce ba yanzu ba. Ni na je da rana na gaida mahaifiyar yaron, ta ce ɗanta yana tambayarsa.

Asibiti ya ce zai je in dai don barci ne, kuma ba Dawanau ba, saboda abin da 'yan unguwa za su ce. Sista, ya ake farawa? Sai da takarda daga wani likita?

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Maganar "da ma ni ya samu" ki faɗa wa likita ita yadda ya faɗe ta, kada ki rage. Ku fara da sashen marasa lafiya na yau da kullum a babban asibiti, ku yanki kati, ku ce rashin barci da rama bayan ya ga an harbi mutum a gabansa. Su za su rubuta muku takardar zuwa sashenmu in sun ga da buƙata. Ku fita da sassafe saboda layi, ku tafi da duk wani magani da yake sha. In an kira shi ki shiga ki faɗi naki a taƙaice, sannan ki fito ki bar shi da likita, akwai abin da ba zai faɗa a gabanki ba. Rigar kada ki jefar ba da saninsa ba. Dare kuma ku ci gaba, ko awa uku ya samu a makon farko an fara.